Masu Gadin Tarkon Nutirino, Daga Ramin Kamiyoka Zuwa Zariya

Ranar Litinin 23 ga Fabrairun 1987, da misalin ƙarfe 8:35 na safe agogon Najeriya, wasu baƙi suka ratsa duniya baki ɗayanta. A lokacin Gwandu da Kalgo suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, don ba a ƙirƙiro Kebbi ba sai 1991. Duk wanda ke raye a Maruda a wannan safiya, ko yana hanyar fadama ko yana zaune yana shan koko, baƙin nan sun bi ta jikinsa, biliyoyinsu a kowane wuri mai faɗin farce. Ta ƙarƙashin ƙasa suka ɓullo, daga wajen kudu, suka yi sama abinsu. Babu wanda ya ji ko ƙaiƙayi.

Sunan baƙin nutirino. Sun taso ne daga wani tauraro da ya fashe a can nesa, nisan da haske kansa sai ya yi shekara kusan 168,000 yana gudu kafin ya iso mu. A duk faɗin duniya tarko uku ne suka kama wani abu daga cikinsu a wannan lokaci. Na Kamiyoka a Japan ya kama 11, na wani ramin gishiri a jihar Ohayo ta Amurka ya kama 8, na Baksan a tsohuwar Tarayyar Sobiyat ya kama 5. Guda 24 ke nan, kuma duk cikin daƙiƙa 13 aka yi aka gama. A kan waɗannan 24 ɗin aka rubuta ɗaruruwan maƙalu, kuma suna cikin abin da ya kai Masatoshi Koshiba ga kyautar Nobel a 2002.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da tarkunan suke ciki a wannan safiya. Agogon kwamfutar Kamiyoka da hannu aka saita shi, saboda haka ba a da tabbacin lokacinsa sai da rangwamen minti guda, gaba ko baya. Da an so a gyara lissafin daga baya ta hanyar gwada agogon da sahihin lokaci, amma bayan 'yan kwanaki aka ɗauke wuta a ramin, kwamfutar ta mutu, damar ta tafi. Tarkon Ohayo agogonsa lafiya lau, sai dai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na idanunsa a mace suke, saboda wata na'urar ba su wuta ta lalace sa'o'i kaɗan kafin nan. Na Baksan ma agogonsa yana da tangarɗar kusan minti guda. Ƙari a kan haka, 'yan mintoci kafin baƙin su iso, tarkon Kamiyoka ya rufe ido na fiye da minti ɗaya da rabi yana gwajin kansa, kamar yadda aka tsara masa. Da tauraron ya riga fashewa da 'yan mintocin nan, bayan tafiyar shekara 168,000, da Japan ba ta ga komai ba.

Tarihin farautar nutirino galibi ana ba da shi ne ta bakin manya: wane ya yi hasashe, wane ya gano, wane ya karɓi kyauta a Sitokhom. Akwai wani tarihin a ƙarƙashinsa, na masu gadi, wato mutane da na'urorin da aikinsu shi ne su san ko tarkon yana cikin hayyacinsa a daidai lokacin da ya ce ya ga wani abu. Ni a ganina wannan na biyun ne ya fi yanke hukunci.

Sai a fara da abin da ake farauta. A watan Disamban 1930 Wolfgang Pauli ya rubuta wa abokan aikinsa wasiƙa, ya kawo shawarar cewa akwai wata ƙwaya da ba a gani, wadda ke sulalewa da wani ɓangare na ƙarfi duk lokacin da wasu ƙwayoyin zarra suka ruɓe. Enrico Fermi ne ya yaɗa sunan nutirino, wanda a Italiyanci yake nufin ɗan ƙaramin abin da ba ya ɗauke da cajin lantarki. Matsalarsa ita ce ba ya kula kowa. Rana kaɗai tana turo kimanin biliyan 65 a kowace daƙiƙa ta kowane santimita murabba'i na doron ƙasa, dare da rana, don da dare ta cikin ƙasa suke ratsowa. Kafin ɗaya ya yi karo da wani abu sai an tara ruwa ko mai ko ƙanƙara tan dubbai, a zuba ido, a yi haƙuri. In karon ya auku, ɗan walƙiya ne ke fita, mai rauni ƙwarai, sai idanun gilashi masu kama da manyan ƙwayayen fitila da aka jera a bangon tanki su gan shi. To ga inda gizo ke saƙa: abubuwa da yawa suna iya haifar da irin wannan walƙiya. Ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya suna yi, iskar radon da ke fita daga dutse tana yi, waya mai tartsatsi ma tana yi. Mai farautar da ke jiran kurciya ɗaya a cikin garken jan baki dole ya san jan baki fiye da yadda ya san kurciyar.

Clyde Cowan da Frederick Reines, waɗanda suka fara kama shi, sun ɗanɗana wannan. A 1953 sun kafa tarkonsu kusa da tukunyar nukiliya ta Hanford, hayaniyar ƙwayoyin sama ta rufe komai. Suka koma Savannah River a Karolina ta Kudu, suka sauka mita 12 a ƙarƙashin ƙasa, kusa da wata tukunyar. Abin da suke samu bai wuce kamu uku a awa guda ba. Hujjarsu mafi ƙarfi mai sauƙi ce: in an kunna tukunyar adadin ya hau, in an kashe ya sauka. A watan Yunin 1956 suka buga wa Pauli waya cewa an kama. Tun daga ranar farko ke nan, ilimin nutirino ya rataya ne a kan littafin ɗakin kula da tukunya, inda aka rubuta ƙarfe nawa aka kunna, da wane ƙarfi, ƙarfe nawa aka kashe.

Afirka ta shigo labarin da wuri fiye da yadda ake zato. Reines ya haɗa kai da Friedel Sellschop na Jami'ar Witwatersrand, suka kafa tarko a mahaƙar zinariya ta East Rand kusa da Johannesbag, fiye da kilomita uku a ƙarƙashin ƙasa, inda dutsen kansa ke da zafin kusan digiri 50. A can, ranar 23 ga Fabrairun 1965, aka fara kama nutirinon da ba daga tukunyar ɗan Adam ya fito ba, wanda ake haifa a sararin samaniyar duniya. Wata tawagar a mahaƙar Kolar ta Indiya ta samu irin wannan a shekarar. Ranar 23 ga Fabrairu kuma, kamar ta 1987, amma dace ne kawai. Zamanin wariyar launin fata ne, kuma baƙaƙen leburorin da suka fasa dutsen da aka jera kayan a cikinsa ba su cikin waɗanda ake ambata.

Wanda ya fi kowa shan wahalar tambayar "anya tarkonka lafiya yake?" shi ne Raymond Davis. A mahaƙar Homestake ta Dakota ta Kudu, kusan kilomita ɗaya da rabi a ƙasa, ya cika tanki da tan 615 na ruwan sinadarin da ake wankin kaya da shi a shagunan wanki na zamani. In nutirinon rana ya bugi ƙwayar kulorin a ciki sai ta rikiɗe ta zama argon. Bayan wata biyu ko uku Davis ya tace tankin, ya fito da ƙwayoyin zarra da ba su fi goma sha wani abu ba, ya ƙirga su. A yi tunanin a ce wa mutum ya tsamo ƙwayar gero goma sha biyar daga cikin duk rairayin Sahara, kuma ko wannan kwatancin ya yi wa aikin sauƙi. Daga 1968 sakamakonsa ya riƙa nuna kashi ɗaya cikin uku na abin da lissafin John Bahcall ya ce rana tana fitarwa. Shekara talatin mutane da yawa suna ganin ko dai tankin ne ke yoyon ƙwayoyi ko lissafin ne ya karkace. Davis bai da kwamfutar da za ta tsaya masa shaida. Abin da yake yi shi ne, kafin kowane zagaye ya zuba wani sanannen adadi na argon a tankin da gangan, in ya tace ya auna nawa ya dawo, ya rubuta. Sai a 2001 da 2002 tarkon Sudbury na Kanada ya nuna cewa tankin da lissafin duk daidai suke, nutirino ne ke sauya kama a hanya daga rana, tankin Davis kuma kama ɗaya kawai yake gani cikin uku.

Da tarkuna suka girma, gadin ya fi ƙarfin mutum ɗaya da littafinsa. Aka raba aikin gida biyu. Akwai sashen da ke ɗaukar walƙiyar kanta, wanda ke aiki da saurin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Akwai kuma wanda masana ke kira da sunan da ke nufin kula a sannu. Shi ba ruwansa da nutirino. Bayan kowace 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci yana zagayawa yana tambaya: ƙarfin wutar da ke shiga kowane idon gilashi, wanda yakan kai wajen bolt 2,000, yana nan yadda aka saita? Zafin ruwa nawa? Ruwan garau yake ko ya fara gurɓata? Radon ya ƙaru? Fanka tana juyawa a ɗakin na'urori? Iskar shaƙa ta wadata a ramin? Duk amsar da ya samu sai ya ajiye ta da lokacinta. In wani adadi ya ƙetare iyaka ya buga ƙararrawa, in kuma abin na gaggawa ne ya yanke wuta da kansa ba tare da jiran kowa ba. Ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi amfani da su a wannan fanni, EPICS, an fara gina ta ne a ɗakunan bincike na Los Alamos da Argonne a ƙarshen shekarun 1980, kuma yau kyauta ce ga mai so.

Manomin rani a fadamar Kalgo ya san wannan aiki ko da bai san sunansa ba. Yana can ƙarshen gona amma kunnensa na kan injin ban ruwa. Da ƙarar ta sauya ya san ko mai ne ya yi ƙasa, ko tiyo ya sha iska, ko rijiyar ta ja baya. Bambancin kawai shi ne tarko irin na yau yana da dubban injuna a lokaci guda, kuma kunne ba ya ajiye tarihi. Manomi ba zai iya gaya maka yadda injinsa ya yi ƙara ranar kaza ga watan kaza shekara uku da suka wuce ba. Kula a sannu zai iya, kuma wannan ajiyar ita ce ainihin darajarsa.

Gadi yana da iyaka, kuma Japan ce ta koya wa kowa haka. Super-Kamiokande, magajin tarkon 1987, ya fara aiki a 1996, mita 1,000 a ƙarƙashin dutsen Ikeno: tanki mai tsayin mita 41, ruwa tan 50,000, idanun gilashi 11,146 a bangon ciki, kowanne faɗinsa rabin mita. A 1998 shi ya ba da hujjar farko mai ƙarfi cewa nutirino yana sauya kama, wanda ke nufin yana da nauyi komai ƙanƙantarsa. A 2001 aka zubar da ruwan don a canza idanun da suka mutu. Ana cikin mayar da ruwa, ya kai wajen kashi uku cikin huɗu, ranar 12 ga Nuwamba, sai ido ɗaya a gindin tanki ya faɗa ciki. Idanun nan babu iska a cikinsu, don haka in gilashin ya tsage ruwa ne ke afkawa da ƙarfi, ya tura bugu zuwa na kusa. Na kusa ya fashe, ya tura wa na gaba. Kafin ƙiftawar ido fiye da 6,600 sun zama garin kwalba, kowanne kimanin dala 3,000. Har na'urar auna girgizar ƙasa da ke nesa da ramin ta ji bugun. Binciken da aka yi ya karkata ga cewa idon farko ya samu rauni ne lokacin gyara, sa'ad da ma'aikata ke takawa a kan shimfiɗar da aka ɗora bisa idanun gindi.

Babu ƙararrawar da za ta iya tsayar da wannan, domin ya fi duk wani mai gadi sauri. Shugaban aikin, Yoji Totsuka, bai ɓata lokaci ba ya sanar da duniya cewa za a sake ginawa. Aka tattara idanun da suka tsira, kimanin 5,200, aka baza su a bango, aka sa wa kowanne kwanson kariya don in ɗaya ya fashe kada ya ja saura. Ƙarshen 2002 aka koma aiki da rabin gani, sai 2006 aka cike gurbin. Manyan tarkunan ruwa da aka tsara bayan haka sun ɗauki darasin kwanson.

In Japan asarar kuɗi ta yi, Italiya mutunci ta taɓa. A watan Satumban 2011 tawagar OPERA ta sanar da wani abu da ya karaɗe jaridun duniya. Ana harba nutirino daga cibiyar CERN ta Janeba, su bi ta cikin ƙasa kilomita 730, kusan nisan Sakkwato zuwa Legas a tafiyar tsuntsu, su iso tarkon da ke ƙarƙashin dutsen Gran Sasso. Lissafin tawagar ya nuna suna isowa da wuri fiye da yadda haske zai iso, da kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa. In haka ne, ginshiƙin da Einstein ya kafa a 1905 ya tsage. Gaskiya su ma ba su ce sun rushe shi ba, cewa suka yi sun duba sun rasa kuskuren, a taya su dubawa. A Fabrairun 2012 aka gano. Wata wayar gilashi da ke kawo saƙon lokaci daga tauraron GPS zuwa babban agogon tarkon ba a murɗa ta ta zauna sosai ba. Hasken da ke bi ta cikinta ya yi rauni, agogon ya riƙa makara wajen amsa shi da kimanin kashi 70 cikin biliyan na daƙiƙa. Akwai kuma wata tangarɗar a wani agogon na biyu, wadda ta ja lissafin ta ɗaya ɓangaren. Da aka gyara duka biyun, saurin ya dawo daidai da na haske. A ƙarshen Maris mutum biyu da ke jagorantar tawagar, Antonio Ereditato da Dario Autiero, suka sauka daga muƙamansu.

Wurin da ya fi ba ni sha'awa a wannan labari shi ne yadda aka san yaushe wayar ta saki. A maƙwabtaka da OPERA akwai wani tarkon, LVD, kuma akwai ƙwayoyin sama da kan ratsa su biyun ɗaya bayan ɗaya. Da aka koma tsofaffin bayanai aka gwada agogunan biyu, sai ga shi ƙarara: tun tsakiyar 2008 agogon OPERA ya goce, ya zauna a goce har ƙarshen 2011. Shaidar tana kwance a ajiye shekara uku. Ba wanda ya sa wa wannan adadi ƙararrawa, don ba wanda ya yi tunanin tambayarsa.

A cikin dutsen na Gran Sasso akwai tarkon da ya ga fuskokin al'amarin biyu, wato Borexino. A watan Agustan 2002, yana kan gini, kimanin lita 50 na wani sinadari mai wari suka sulale ta magudana suka shiga rafi. Dutsen nan daga cikinsa jama'ar yankin ke samun ruwan sha, saboda haka maganar ta kai kotu, aka rufe zauren, aiki ya tsaya. Sai 2007 aka fara ɗaukar bayanai. Bayan shekaru kuma, shi wannan tarko ya yi abin da nake ɗauka a matsayin babbar nasarar masu gadi. Tun 1938 da 1939 Carl von Weizsäcker da Hans Bethe suka yi bayanin wata hanya ta biyu da taurari ke ƙona makamashinsu, wadda a ranarmu ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma ita ce babba a taurarin da suka fi rana nauyi. Nutirinon wannan hanya ba a taɓa ganinsa ba. Abin da ya hana Borexino ganinsa shi ne ɗan dattin foloniyam da ke manne a bangon jakar da man tarkon ke ciki. In zafin zauren ya sauya da sauyin yanayi, sai man ya fara juyawa a hankali, kamar kunu a tukunya, ya kwaso dattin ya kai tsakiya. Maganin ba sabon ido ba ne ko sabon lissafi. Daga 2015 aka lulluɓe tankin gaba ɗaya da bargon hana zafi, aka jera ma'aunan zafi ciki da waje, aka sa na'urar da ke riƙe sama da ɗumi, ƙasa da sanyi, don man ya kwanta. Shekaru aka yi ana kallon ma'aunan nan. Da man ya natsu, tsakiyarsa ta yi tsabtar da ake buƙata, a 2020 aka sanar da kamun, fiye da shekara 80 bayan hasashen.

A Ƙarshen Duniya na Kudu kuwa, tarkon IceCube da aka kammala a Disamban 2010 ya binne idanu 5,160 a cikin ƙanƙara, zurfin mita 1,450 zuwa 2,450. Wanda aka binne ya binnu, ba mai sake taɓa shi da hannu, sai dai a yi masa magana ta waya. Daga Fabrairu zuwa wajen Oktoba jirgi ba ya zuwa, mutum biyu kacal ake bari su kwana da shi cikin duhun hunturu, da 'yar na'urar kira a jikinsu. In wani abu ya tsaya, ko tsakar dare ne, sai su tashi. Da haka tarkon yake a farke fiye da kashi 99 cikin ɗari na lokaci. Ranar 22 ga Satumban 2017 ya kama wani nutirino mai ƙarfin gaske, cikin ƙasa da minti guda kwamfuta ta aika wa masu duban taurari na duniya inda za su juya madubansu. Darasin agogon 1987 ya shiga jiki. Yanzu manyan tarkuna suna ɗaure da agogon GPS, kuma suna haɗe a wata hanyar gargaɗi da ake kira SNEWS, wadda za ta yi shela in biyu daga cikinsu suka ga ambaliyar nutirino a tsakanin daƙiƙa goma. Rabon da a ga tauraro ya fashe a cikin gungun taurarinmu da ido tun 1604, kafin a ƙera madubin duban taurari.

To ina ƙasar Hausa a cikin wannan duka? Babu tarkon nutirino a Najeriya ko Nijar. Amma akwai zare biyu da suka iso mu.

Na farko ya bi ta Arlit. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a arewacin Nijar, kuma shekaru da dama Nijar tana cikin manyan masu ciyar da tukwanen nukiliyar Faransa. A gefen biyu daga cikin tukwanen nan, a Chooz kusa da iyakar Beljiyam, aka kafa tarkon Double Chooz, wanda a 2011 ya ba da alamar farko daga tukunya ta wani ma'aunin sauya kamar nutirino da aka daɗe ana nema. Shi ma wata dama da ya samu irin ta Cowan da Reines ce: 'yan kwanakin da tukwanen biyu suka kasance a kashe lokaci guda, aka auna hayaniyar da ta rage ita kaɗai.

Na biyu yana Zariya. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, ƙirar Sin, wadda ta fara aiki ranar 3 ga Fabrairun 2004. Ƙarama ce ƙwarai. Ƙarfinta kimanin kilowat 30, na zafi kawai, ba ta ba da wutar lantarki. Zuciyarta ba ta fi ƙaramin bokiti ba, sandunan makamashi fiye da 300 a jere, a nutse cikin tafkin ruwa. Aikinta shi ne a tura mata samfurin ƙasa, ko ma'adini, ko abinci, ta wani bututun iska, a yi masa wanka da ƙwayoyin nutiron, waɗanda daban suke da nutirino duk da kamar suna, sannan a karanta irin sinadaran da ke cikinsa.

Sanda ɗaya tak ke sarrafa ta, mai ɗauke da kadmiyam, ƙarfen da ke shanye nutiron. In an ɗaga sandar wuta ta tashi, in an sauke ta lafa. Wani ma'auni yana ƙirga yawan nutiron, na'urar kula tana gwada shi da adadin da ma'aikaci ya saita, tana matsar da sandar sama ko ƙasa kaɗan-kaɗan. Wasu ma'aunan suna kallon zafin ruwan da ke shiga da wanda ke fita, da tsayin ruwa, da tsabtarsa, da yawan tururin nukiliya a zauren. Wanda ya saba da ɗakin kula na Kamiyoka ko Gran Sasso ba zai yi baƙunta a nan ba, girma ne kawai ya bambanta. An kuma ƙera ta yadda ba ta dogara da mai gadi kaɗai ba: in ruwan ya yi zafi, wutar da kanta take ja da baya, ko da an zare sandar gaba ɗaya. A ƙasar da ɗaukewar wuta ba labari ba ce, wannan ba ƙaramar hikima ba ce.

Mu mutane ne masu son ranar yanke ƙyalle, da manyan baƙi da jawabai, kuma kowa ya san gine-gine nawa suka mutu tun fentinsu bai dushe ba. Shi ya sa nake ganin abin lura a Zariya ba ƙaddamarwar 2004 ba ce, shekarun da suka biyo baya ne, ƙarƙashin idon Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya da na hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana. A 2018 aka yi mata babban aiki. Asalin makamashinta yuraniyam ne da aka tace har kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake tsoron ya faɗa hannun masu haɗa bam, kimanin kilo guda. Aka cire shi, aka sa wanda bai wuce kashi 13 ba, kamar yadda Gana ta yi da irin tukunyar tata a 2017. A watan Disamba aka ɗauki tsohon makamashin a jirgi daga Kaduna aka mayar da shi Sin, tukunyar kuma ta ci gaba da aiki da sabuwar zuciya.

Ga ɗalibin kimiyya a jami'ar tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko a Aliero, nan ne ƙofar da ta fi kusa. Ba sai ƙasa ta haƙa rami mai kilomita biyu kafin 'ya'yanta su shiga wannan fage ba. Gadin manyan tarkuna yanzu karɓa-karɓa ake yi ta intanet, daga jami'o'in da suka shiga haɗin gwiwar. Maroko da Afirka ta Kudu suna cikin tawagar KM3NeT, tarkon da ake ginawa a gindin Bahar Rum, wanda a Fabrairun 2023 ya kama nutirino mafi ƙarfi da aka taɓa gani. Abin da ake nema ga mai gadi shi ne ya iya karanta ma'auni, ya iya rubuta manhaja, ya kuma rubuta abin da ya gani ko da bai yi masa daɗi ba.

Ita ma tukunyar Zariya tana fitar da nutirino, irin wanda Cowan da Reines suka kama. In tana kan cikakken ƙarfi, a kowace daƙiƙa adadinsu ya kai wajen 6 da sifiri 15 a bayansa, suna ratsa bango da Samaru da Basawa da duk wanda ke ciki. Sun yi kaɗan a kafa musu tarko irin na Savannah River, don ƙarfinta bai kai ɗaya cikin dubu goma na waccan tukunyar ba. Wanda ke son sanin nawa suka fita a wata rana sai dai ya buɗe littafin ɗakin kula, ya ga ƙarfe nawa aka ɗaga sanda, a wane ƙarfi aka tsaya, ƙarfe nawa aka sauke.